Na Yi Wa Gwaggona Kwalliya Tana Cikin Takaba

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da shida. Na gama difloma na dawo gidanmu a Ƙaraye, na yi zaman shekara biyu babu aikin fari balle na baƙi. Abin da na iya a duniya shi ne danna waya da tsara magana. Wata ƙawata ce ta haɗa ni da wani ƙaramin kamfani a Kano da ke yi wa 'yan kasuwa talla a manhajojin waya, irin tallan nan da ke shigowa a tsakiyar labarai ko tsakanin hotunan mutane, ka karanta shi ka wuce ba ka ma san talla ba ne. Daga ɗakina nake aikin. A turo mini bayanin kaya, in rubuta kalamai, in haɗa hoto, in saka. Ba zan ɓoye muku ba, a lokacin ina jin kaina ƙwarai. Yanzu kuwa da nake rubuto muku wannan, ko ƙarar shigowar saƙo na ji sai gabana ya faɗi.

Abu na farko da ogana ya koya mini shi ne, talla mai kyau ba ya kama da talla. Ya ce kada kalamaina su wuce layi biyu, kada in taɓa cewa a zo a saya, in rubuta kamar mace ce ke ba maƙwabciyarta labari ta katanga, kuma kullum in nuna kamar yau abin ya faru. Hoto kuma ya hana ni ɗauko na Larabawa ko Indiyawa daga intanet, ya ce matanmu ba sa tsayawa a kansu, fuskar gida suke so, da bangon ƙasa a baya da hasken rana. Kowane talla kala biyu muke yi, mu sake su tare, wanda aka fi dannawa mu bar shi, ɗayan mu kashe. Akwai wata 'yar kalmar Turanci da ake sawa a gefe don a nuna talla ne, amma ƙanƙantarta ta kai sai ka ƙura ido. Na koyi duk wannan da wuri, har oga ya riƙa turo mini ayyukan da suka gagari sauran.

Ana haka aka kawo mana aikin wata mai sayar da humra da turaren wuta. Na gwada hotunan kwalabe, na gwada na hayaƙi yana tashi daga kasko, babu wanda ya motsa. Ina cikin laluben wayata sai na ci karo da hoton Gwaggo. Ƙanwar babana ce, a hannunta aka yaye ni, tana aure a Jajaye ta ƙasar Rogo wajen wani bawan Allah mai noma da 'yan shanunsa. Na ɗauki hoton ne a wani suna da muka je Ruwan Bago. Ta sha lalle hannu da ƙafa, ta rambaɗa kwalli, ta ɗaura sabuwar atamfa, tana riƙe da kaskon turare tana dariya har da ƙyaƙyatawa. Ina ganinsa na san na samu. Na rubuta a ƙasansa: "Yau ma na turare ɗakina na shafa humrata. Ni kam yanzu nake jin daɗin rayuwata." Ban tambaye ta ba. Na ce a raina ai Gwaggona ce, ƙaramar waya mai maɓalli take riƙewa, kuma cikin birnin Kano kaɗai zan sa tallan ya fita, wa ya san ta a can? Cikin mako guda tallan ya doke duk wanda na taɓa yi, oga ya kira ni yana ta yabo.

Bayan kamar wata biyu mijin Gwaggo ya kwanta ciwon kwana huɗu, Allah Ya karɓi abinSa. Muka je muka yi zaman makoki, na gan ta a kan tabarma ta lulluɓa da tsohon zane, babu ɗan kunne babu kwalli, ta shiga takaba. Kowa ya san abin da takaba ta ƙunsa: wata huɗu da kwana goma mace ba ta ado, ba ta shafa turare, ba ta fita sai da lalura. A wajen zaman ma tallan ya faɗo mini a rai, na ce in na koma gida zan cire. Na koma na tarar da ayyuka sun taru, na ce gobe. Goben nan ita ce ba ta zo ba. Da sallah ta matso, mai humra ta ce a faɗaɗa mata tallanta ya kai duk jihar. Ranar na gaji, idona har yaji yake, tallace-tallace fiye da goma ne a gabana. Na danna na faɗaɗa su gaba ɗaya ban buɗe ko ɗaya na duba ba.

Kwana uku tsakani hoton ya isa Jajaye. Wata mata ce ta fara ganinsa a wayar mijinta, daga nan ya zaga gida gida. Babu wanda ya ga 'yar kalmar Turancin nan. Abin da suka gani shi ne matar da mijinta bai yi arba'in a ƙasa ba, ta ci kwalliya, ta riƙe turare, tana cewa yau ta shafa humra kuma yanzu take jin daɗin rayuwa. Aikina ya yi kyau, ya yi kama da gaskiya yadda aka koya mini. Matan da ke zuwa taya ta hira suka ɗauke ƙafa. Matar limamin unguwa ta zo takanas ta yi mata nasiha a kan tsoron Allah. Abin da ya fi ciwo shi ne surukarta, mahaifiyar mamacin, tsohuwar da suka shekara ashirin da bakwai a gida ɗaya ko musu ba a taɓa jin sun yi ba. Idonta ya yi rauni, amma da aka kara mata wayar a fuska ta gane dariyar. Daga ranar ta daina cin duk abin da Gwaggo ta dafa. Sai a kai mata kwano a dawo da shi yadda yake.

Babana ne ya shigo da labarin gida, ransa a ɓace, yana cewa duk wanda ya yi wa ƙanwarsa wannan sharri shi da Allah. Ina zaune ina tsince shinkafa. Na shiga ɗaki na kashe tallan, amma an riga an ɗauki hotonsa, yana ta yawo a waya ba tare da ni ba. Na kira oga, ya ce in yi haƙuri, irin wannan yana faruwa, kuma in samo wata fuskar kafin jibi. Sai na yi abin da ya fi sa hoton muni, na yi shiru. Kwana tara ina jin ana maganar a tsakar gidanmu, ina taya su jimami da baki. Ina jin labarin Gwaggo ta rantse har ta gaji, ta rame, ba ta barci. Ni kuma ina lissafin abin da za a ce da ni a gari.

A rana ta goma na kasa. Na faɗa wa babana. Ya ce in ɗauko mayafina. A kan babur muka tafi Jajaye, tun daga Ƙaraye har muka isa bai juyo ba. A ɗakin tsohuwa aka taru, mu shida ne har da dangin mamacin. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya, ta amsa a daƙile. Na buɗe wayata na nuna ranar da aka ɗauki hoton, na nuna sauran hotunan sunan, har da wanda ɗanta yake zaune cikin maza da ransa da lafiyarsa. Tsohuwa ta daɗe tana kallon wannan ɗin. Sannan ta tambaye ni, to maganar da ke ƙasa fa, wa ya faɗe ta? Na ce ni na rubuta. Ta tambaya ko dama aikin da ake cewa ina yi a waya ke nan, sa wa mutane magana a baki. Ta juya ta ce a kawo mata furar da Gwaggo ta dama da safe.

Daga nan na shiga wajen Gwaggo ina kuka ina neman gafara. Na zaci za ta yi faɗa, da ma ta yi. Sai ta ce in tashi in zauna, ta tambaye ni ko na ci abinci. Can ta ce tun ranar da aka nuna mata hoton ta san ni ce, domin ta tuna wadda ke tsaye a gabanta lokacin da ta yi dariyar nan, ni ce nake tsokanarta cewa ta fi mai jego kyau. Ta ce dangin mijinta sun tsare ta a kan ta faɗi wanda ya ɗauka, ta ce ba ta sani ba, saboda ni budurwa ce, ba ta so sunana ya shiga bakin mutane. Ta ce kullum tana sauraron sallamata, har ta fara cire rai. Wallahi da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Tsohuwa ta sauko, amma gari bai sauko duka ba. Tallan ya shiga wayoyin da ban san adadinsu ba, gaskiyar kuwa a ɗaki ɗaya aka faɗe ta. Har yau akwai masu cewa ai rufa-rufa aka yi. Ranar da Gwaggo ta fita takaba dangi suka zo da lalle da sabbin kaya kamar yadda aka saba, ta karɓi kayan ta yi godiya, ta ce lallen a ba yara.

Ban bar aikin ba, da shi nake rufa wa kaina asiri, amma daɗinsa ya fita daga raina, yi kawai nake. Abin da na gane a makare shi ne, kalmar "yau" da nake rubutawa ba ta tsufa a waya, alhali mai hoton rayuwarta tana tafiya, ana haihuwa ana mutuwa. Don haka ina roƙon 'yan uwana masu irin wannan sana'a, kada ku sa fuskar kowa sai kun tambaye shi, kun karanta masa abin da za ku rubuta da sunansa, ko da mahaifiyarku ce. In kuma kuskure ya riga ya faru, ku yi magana a ranar, kada ku bar wani yana rantsuwa a madadinku. Ku kuma masu karatu, ba duk wadda kuka gani tana magana a waya ce ta yi maganar ba. Gwaggo ta ce ta yafe mini, na kuma yarda ta yafe. Amma har yau in na yi sallama a gidanta, kafin ta ɗago ta kalli fuskata sai ta fara duba abin da ke hannuna.