Kasetin Auta a Gonar Gero

Nu'uman Kabo wankin hula yake yi a unguwarmu, nan cikin garin Daura, kan hanyar da ke gangarawa Kusugu. Idan ka bi ta ƙofar gidansa da hantsi za ka ga huluna jere a kan kawunan katako suna shan rana, shi kuma yana durƙushe da buroshi da kwanon sitaci. Da wannan sana'a ya riƙe iyalinsa tun yana saurayi. Amma in ka tambayi mutanen unguwa, da fim suka fi saninsa.

Na girme shi nesa ba kusa ba. Abin da ya haɗa mu, wata rana na kai wankin hula na ji sautin fim daga zaurensa, sai na ce masa ni farkon ganina da majigi a makarantar mishan ne, a jikin farin zanen gado da aka ɗaure tsakanin itatuwa biyu, iska na kaɗa shi, fuskokin mutane suna lanƙwashewa. Ya ajiye buroshi ya ce, "Baba Malam, shigo ka ga wanda iska ba ta kaɗawa." Tun daga ranar na samu kujera a zauren.

Bidiyonsa na farko kwance ya saya a hannun wani direba mai zuwa Kano, da kaset ɗaya tal. Kafin a daɗe kaset ya cika kwali, kwali ya zama kanta, har kafinta ya zagaye bangon zauren da katako tun daga ƙasa har rufi. Na Indiya suna gabas, na 'yan Cana masu faɗa suna bayan ƙofa, na Hausa kuwa daidai ido, inda hannu zai kai ba sai an miƙe ba. Da shagunan haya suka fara rufewa, duk wanda zai zubar da tsofaffin kaset sai ya aiko wa Nu'uman. Da faifan CD ya shigo ya karɓe shi, amma bai kori kaset ba. Da aka koma kallo a waya kuwa cewa ya yi shi ba zai kalli mutum ɗan ƙarami kamar ƙuda a tafin hannu ba.

Yana da ƙa'idoji, kuma ba ya sassauta su. Ana farawa bayan la'asar. Ba a magana sai an tsayar. Da an kira magariba zai kashe, ko da an ɗaga takobi ba a sauke ba. Ba ya mayar da kaset kanta sai ya mai da zarensa farko. Ranar Juma'a da safe yana buɗe bidiyon ya goge kansa da farin ƙyalle. Da damina yakan sa gawayi a kusurwar kowace kanta saboda danshi. In fim ya ƙare, sai mun zauna sunayen nan sun gama wucewa, wai mutane sun sha wahala, bai kamata a tashi a kansu ba.

A cikin wannan tarin duka akwai kaset guda da ba ya zama a kanta tare da sauran. Yana can sama, a naɗe cikin tsohon rawani. Nu'uman yana da ƙane, Auta, wanda yake cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta samarin unguwa. Wata shekara suka yi karo-karo suka ɗauko mai kyamara daga Kano, suka yi fim a bayan gari. Auta ne ya fito a wanzami mai kwaɗayi, wanda yake barin kan mutum rabi a aske in ya ji ƙamshin suya. Ba a buga kaset da yawa ba, ƙungiyar ma ta watse, kuma ba a daɗe ba Auta ya rasu a haɗarin mota a hanyar Dutsi. Ko hoton kati bai bari ba. Iya saninmu, fuskarsa da muryarsa a wannan kaset kaɗai suka rage. Sau ɗaya a shekara ake sa shi, bayan Ƙaramar Sallah. Lokacin da mahaifiyarsu take da rai, ranar ce kawai take tako zauren, ta zauna a bakin ƙofa, ta yi dariya tana share ido da gefen mayafi.

Na uku a zauren shi ne Kalilu, ɗan goggon Nu'uman, wato taubashinsa. Manomi ne, gonarsa na kan hanyar Baure, yana kuma taɓa dillancin awaki. Kullum shi ke rigana zuwa, ya cinye gyaɗar da matar gidan, Murja, ta aiko, ya yi barci a tsakiyar fim, ya farka yana tambayar wa aka kashe.

"Bawana, sa mana na jiya," in ji shi.

Nu'uman ya ce, "Wa ye bawanka? Ɗan mace da bakin magana! Na jiyan ai munshari ka yi masa."

"To ai shi ya sa ban gani ba."

Wasan taubasai a wurinsu ba ya ƙarewa. Kalilu ya sha ɗauke hular da aka kawo wanki ya sa ya tafi kasuwa da ita. Nu'uman ma ya taɓa kwance masa akuya ya ɗaure a bayan masallaci ya bar shi yana cigiya. Ba mai fushi, don kowa ya san abin da taubashi ya ɗauka ba a kai shi ƙara.

Shekarar da Babbar Sallah ta faɗo a tsakiyar damina, Fadila, babbar 'yar Nu'uman da ke aikin jinya, ta biya masa kujerar Makka. Ana gobe zai tafi sansanin alhazai, a gabana ya miƙa wa Kalilu makullin zaure.

"Rufin nan yana yoyo ta kudu. In an yi ruwa ka leƙa, ka ja kantar gaba. Iyakar abin da na sa ka ke nan."

"Ka tafi abinka, Alhajin gobe. In ka dawo ka tarar na buɗe gidan haya."

Muka yi dariya duka.

A garinmu ba a barin alhaji ya dawo ya tarar da gida yadda ya bar shi. Ana shafe, ana fenti, ana gyara inda zai zauna ya karɓi masu barka da sauka. Ni a lokacin ina kwance da ciwon ƙafa, ban leƙa ba. Ranar da ya dawo na dogara sanda na je. Zauren ya sha koren fenti, an shimfiɗa darduma bango zuwa bango, an jera matasan kai. Babu kanta, babu kaset, babu faifai. Talabijin da bidiyon ne kawai a kusurwa, an lulluɓe su da zane. Nu'uman yana zaune cikin farar jallabiya yana miƙa wa mutane dabino da zamzam, yana amsa addu'a, idonsa kuwa yana ta bin bango.

Sai da jama'a suka tafi sallar la'asar ya samu ya riƙo hannun Kalilu.

"Ina kayana?"

"Haba Alhaji! Daga sauka? Malamai za su shigo yi maka barka su tarar da matan Indiya a bango? Na kwashe na kai gidana. Ga ma tsarabarka, tun da kai ba ka kawo mini komai ba." Ya zaro wani ɗan abu kamar ƙwayar kabewa daga aljihu. "Memori ke nan. Na je wurin masu tura fim a tasha na ce su cika shi. Duk abin da ke bangon nan yana ciki, har da ƙari."

"Har da na Auta?"

"Sun ce babu fim ɗin da ba su da shi."

"Gobe ka dawo mini da kayana."

"Sai fenti ya bushe, bawana."

Fenti ya bushe. Kalilu ya ce sai baƙi sun ragu. Baƙi suka ragu, ya ce mai amalanken da zai kwaso kayan ya yi tafiya. Zuwa zauren ma ya daina, wai aikin gona ya tsare shi. Murja ta ce ita dai ta ga ana fitar da buhuna, an ce mata ajiya za a kai, kuma wa zai hana taubashi? Nu'uman ya kai memorin wurin wani mai kwamfuta aka duba masa. Sababbin finafinai ne fal, irin waɗanda ke cikin wayar kowa.

Ana cikin haka wani mutumin Baure, Sadiq, ya kawo wankin hula. Yana jira yana hira, ya ce bana tsuntsaye jan-baki sun addabi gero, kowa na kuka, ban da Kalilu. Ya ce gonar Kalilu tun daga kan titi take walƙiya, ko tsuntsu ɗaya ba ya sauka, har mutane na tsayawa kallo.

Nu'uman ya wanke hannunsa ya shigo wurina. "Baba Malam, ƙafar za ta iya shiga mota?"

Muka sauka a bakin titi da hantsi. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Geron ya yi kyau, ya fi mutum tsawo, kawunansa sun cika. An kafa sanduna a kunya-kunya, an ja zaren kaset daga wannan zuwa wancan, sama da ƙasa, har ƙarshen gonar. Iska na bugunsa yana kyalli yana wani irin kuka siriri. A kan kowace sanda faifai na lilo yana jefa rana a ido. Manoma sun daɗe suna korar tsuntsu da zaren kaset, ni ma na sani, amma guntu-guntu ake samu a bola. Nan kuwa tarin shekaru ne aka warware a kan gona guda.

A gindin wata bishiyar kanya muka tarar da fankunan a tule, an fasa su, ruwa ya jiƙa takardun jikinsu. Nu'uman ya durƙusa yana juya su ɗaya bayan ɗaya. Bai daɗe ba ya ga rawanin, an ɗaure bakin wani buhu da shi. Fankon yana kusa, da sunan Auta a jiki da rubutun Nu'uman. Babu komai a ciki.

Kalilu ya fito daga cikin gero da lauje a hannu. Da ya gan mu ya tsaya, sannan ya yi dariya, dariyar da ba ta zauna ba.

"Kun kama ni! To Alhaji, na ci wannan. Sai ka rama."

Nu'uman ya ɗaga fankon. "Wanne ne a ciki?"

"Me?"

"Zaren Auta. Nuna mini layin da ka ja shi."

"Haba ɗan kawu, wa ya tsaya dubawa? Tsuntsu ya sauko mini kamar hadari, ga abu a jibge a ɗaki. Kuma yaran tasha sun rantse mini..."

"Kai ka hau sama ka sauko da shi. Kai ka kwance rawanin. Kana zaune a gefena a zaure duk shekara Inna tana kuka."

"Wasa ne fa. Tsakanina da kai..."

"Akuyarka da na ɗaure, ka same ta ko ba ka same ta ba?"

Kalilu ya juyo wurina. "Baba Malam, sa baki mana." Na ce masa ni ba ni da abin cewa, makulli a gabana aka ba shi, kuma na ji abin da aka ce ya yi da shi.

Nu'uman ya shiga gonar ya fara tsinke zare yana naɗewa a hannu. Kalilu ya bi shi yana cewa ya bari sai an yi girbi, saura kaɗan, shi da kansa zai tattara ya kawo. Nu'uman bai ko waiwaya ba. Ya cika buhu guda, muka dawo.

Ya yi makonni yana fama. Ya bar huluna a jiƙe, yana goge zare da ƙyalle, yana liƙa guntu da guntu, yana naɗawa a fanko da tsinke. Duk wanda ya sa a bidiyo, yayyafi ne kawai ke zuba a talabijin. Rana da ruwa sun cinye komai. Sau ɗaya wata inuwa ta gilma da 'yar murya, muka matsa kusa, ya mayar ya sake sawa har zaren ya tsinke. Ni ban iya cewa Auta ne ba. Shi ma bai ce ba.

Dangi sun yi ta zarya. Aka ce masa alhaji ne shi yanzu, ya yi haƙuri, ba a riƙe taubashi a zuci. Ya ce ya ji. Gaba dai ba ya yi, don ya san haramun ce. In sun haɗu a masallaci ko wurin jana'iza yana miƙa wa Kalilu hannu ya ce, "Malam Kalilu, ina kwana." Ranar da ya fara kiransa haka na ga Kalilu ya sunkuyar da kai kamar an mare shi. Ya gwada tsokana, ya ce bawansa ya yi ƙiba da dabinon Madina. Nu'uman ya ce, "Alhamdu lillahi," ya sa takalmi ya wuce.

Da aka yi girbi, gonar Kalilu ta fi ta kowa albarka a wannan yanki. Wata safiya amalanke ya tsaya a ƙofar gidan Nu'uman aka sauke dammunan gero masu kyau, aka ce in ji Kalilu, a yi wa Alhaji fura. Murja ta leƙo tana shirin sa a shigar da su. Nu'uman yana kan wankinsa, ya ce kada ƙwaya ɗaya ta shiga gidansa. Ta ce to a ba mabukata mana, abinci ne. Ya ce ba nasa ba ne balle ya bayar, mai shi ya zo ya ɗauka.

Kalilu bai zo ba, kunya ta hana shi. Geron ya zauna a jikin bango, masu kawo hula suna kewaye shi, har awakin unguwa suka gano shi.