Malam Maiwada Dikko da Makarantar Bakin Tasha

Haihuwarsa da iliminsa

An haifi Malam Maiwada a garin Gurbin Bore da ke ƙasar Zurmi a shekarar 1956 Miladiyya. Mahaifinsa, Malam Dikko, manomin gero ne, mahaifiyarsa kuma Kubura. Ya soma karatun Alƙur'ani a zauren kawunsa, sannan a 1963 aka sa shi firamare a Zurmi, ba don son mahaifinsa ba, sai don hakimi ya buƙaci kowane gida ya ba da yaro guda, aka duba aka ga shi ne mafi raunin hannu a gona. Daga nan ya samu shiga kwalejin horar da malamai a Sakkwato, ya kammala a 1975.

Aikinsa da iyalinsa

Ya fara koyarwa a Jangeru, aka mayar da shi Shinkafi a 1981, daga bisani Kaura Namoda a 1993, inda ya zauna har ya yi ritaya a 2010. A 1979 ya auri Fatsuma, 'yar wani ladani a Shinkafi, kuma ita kaɗai ce matarsa har ƙarshen rayuwarsa. Waɗanda ya koyar sun shaide shi da haƙuri da ɗalibi da kuma rashin haƙuri da malamin da ya makara, ko da minti biyar ne.

Kafa makarantar

Ritaya ba ta karɓe shi ba. Shekara biyu ya yi yana zama a ƙofar gida yana tare 'ya'yan maƙwabta ya ce su karanta masa allon shago, suna kasawa, abin yana ƙona masa rai. A 2012 shi da wasu iyaye suka nemi hukuma ta ba su aron wani tsohon ɗakin ajiyar gyaɗa kusa da tashar jirgin ƙasa, da malamai uku, domin 'ya'yan talakawa su yi karatu kyauta. Hukuma ta amince bisa sharaɗi guda: makarantar za ta tsara harkarta yadda ta ga dama, amma duk bayan shekara uku za a duba sakamakon jarrabawar shiga sakandare, in saba'in cikin ɗari ba su ci ba, a karɓe ginin da malaman.

Da yara sittin aka buɗe, 'yan aji huɗu, galibinsu ba su iya haɗa baƙi ba. Komai ya tafi daidai har ruwan farko ya sauka, washegari Malam Maiwada ya tarar da yara tara. Ya bi gidaje cikin fushi, har ya isa wurin wani dattijo mai suna Abdussamad, wanda ya saurare shi tsaf sannan ya ce, "Malam, kai ma ɗan manomi ne. In mun ba ka ɗiyanmu da hantsi, wa za ya yi muna shuka?" Ya koma gida da kunya, domin shekara talatin da biyar ya yi yana ɗora wa iyaye laifin abin da jadawalin makaranta ne ya jawo shi.

Daga wannan makon ya sauya tsari. Da damina a shiga aji da idar da sallar asuba, a tashi ƙarfe tara kowa ya nufi gona, da rani kuma a zauna har la'asar a rama abin da ya wuce. Tsofaffin abokan aikinsa suka riƙa yi masa dariya, suna kiran wurin makarantar zakara. A 2015 yara hamsin da ɗaya cikin sittin suka ci jarrabawa, aka sabunta yarjejeniyar, masu dariyar kuwa suka fara zuwa neman gurbi ga jikokinsu. Haka aka sake yi a 2018 da 2021, duk da cewa a lokacin an karɓi yara da dama da rashin tsaro ya taso daga Kurya Madaro, wasunsu sun shekara biyu ba su ga allo ba.

Shekarunsa na ƙarshe

A 2021 ciwon ƙafa ya matsa masa, aka fara raɗe-raɗin cewa nasarar makarantar tasa ce shi kaɗai, ranar da ya kwanta za a mayar da ginin ajiyar kaya. Maganar ta dame shi fiye da ciwon. Ya tara iyaye ya miƙa shugabanci ga Malama Nazifa Auwalu, ɗaya daga malamai ukun farko, ya ce, "In ni ɗai ne makarantar ga, to ba mu yi komi ba." Ya kuma yi alkawarin ba zai sake taka harabar ba sai an ga sakamakon da babu hannunsa a ciki. Ya cika alkawari, ko da yake iyalinsa sun ce kullum da asuba yakan sa a fitar masa da kujera inda zai ji ƙararrawar makarantar, yana gunaguni in ta yi jinkiri.

A watan Agusta na 2024 sakamako ya fito: tamanin da takwas cikin ɗari, adadin da bai taɓa samu ba a zamaninsa. Malama Nazifa da kanta ta kawo masa takardar sabuntawa. An ruwaito cewa ya yi dariya har hawaye suka zubo masa, ya sa aka ɗauke shi a keken guragu aka zagaya da shi aji-aji, yara suna gaishe shi, da yawansu ba su ma san ko wane ne ba. Wannan rashin sanin nasu, in ji matarsa, shi ya fi komai faranta masa rai.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Juma'a, 13 ga Satumba, 2024, cikin watan Rabi'ul Awwal, yana da shekara sittin da takwas. An yi masa sallah bayan an sauko daga masallaci, aka binne shi a maƙabartar Kaura Namoda, ɗalibansa na shekarar farko ne suka ɗauki makara. Ya bar matarsa Fatsuma da 'ya'ya biyar: Sirajo, Mardiyya, Hafiz, Nusaiba da Yazid. Allah ya jiƙansa da rahama. Ranar Talatar da ta biyo bayan hutun Mauludi an kaɗa ƙararrawa a kan lokaci, yara ɗari huɗu da sha biyu suka shiga aji.