Rigakafin Malam Inuwa

Shekara ashirin Malam Inuwa, mutumin Ringim, yana kula da lambu da ragunan gidan Dakta Perpetua a Nassarawa, kuma babu kaskar da ta taɓa shiga hannunsa ta kwana da rai. Haka ya gada wajen mahaifinsa makiyayi: ka cire ta, ka jefa a garwashi, ka ji ta fashe, sannan hankali ya kwanta.

Wata safiya Dakta ta miƙa masa kwalba, ta ce ya tara mata kaska daga jikin ragunan. Ta bayyana masa cewa ta yawun kaska cuta ke shiga jini, kuma a yawun suke neman abin haɗa allurar rigakafi.

Da la'asar ya kawo kwalbar cike, kowace kaska ta ƙone ƙurmus.

"Haba Malam Inuwa, ai da ransu nake so. Yanzu ina yawun?"

Ya leƙa kwalbar, ya gyara hula.

"Ranki ya daɗe, naki rigakafin sai nan da shekara goma. Nawa ga shi nan, har ya gama aiki."