Ƙullin Zani Daga Madaki Zuwa Asibiti

Unguwar Madaki, bayan asuba

Gari bai gama wayewa ba muka fito, ni da yayata Adda Hauwa. Tun da ta haihu aka yi mata aiki, ɗinkin ya yi ruwa, zazzaɓi ya kwantar da ita. Ciwon ya warke, amma Adda ba ta dawo ba. Ba ci, ba barci, ko jaririyarta ba ta kallo. Ranar Lahadi na same ta tsaye a bakin kwarin bayan gidanmu, babu takalmi, tana leƙen ƙasa. 

Shi ya sa kafin mu fita na ɗaure bakin zanina da nata, na rufe ƙullin da hijabi. Inna, mahaifiyarmu, tana zaure da jaririyar a kafaɗa. Ta ga abin da na yi, ta kawar da kai. "Bilki, ki dawo min da ita," ta ce.

Cikin keke

A bakin titi muka sami Keke Napep. Direban dattijo ne mai son hira.

"Kai, 'yan mata, irin wannan manne wa juna! Tagwaye ne?"

Na yi yaƙe. Adda ta zuba wa titi ido.

Kasuwar Gombe

Nan cunkoso ya tsayar da mu, ana sauke buhunan albasa daga wata babbar mota. Ina kallon 'yan dako sai na ji zanina ya ja. Adda ta riga ta sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ga tirela tana tahowa ta ɗaya hannun. Ƙullin ne ya riƙe ta. Na rungumo ta ina cewa, "Adda, don Allah! Adda!"

"Na gaji ne, Bilki," ta ce, a hankali.

Direban ya gani ta madubi. Ya sauko ya saki labulen ledar da ke gefenta, ya ɗaure shi tam. Wata mata ta zo za ta shiga, ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, a cike muke." Daga nan hira ta ƙare har ƙofar asibiti.

Asibiti

Mun yi zaman layi har hantsi ya ɗaga. Na saya mata kunun gyaɗa, ya huce a hannunta. Likitar mace ce, da ɗan gicciye a wuya. Na tambaye ta ko iska ce, yadda maƙwabta ke faɗa.

"Ƙanwata, ciwo ne, sunansa ciwon damuwa," ta ce. "Mai ciki tana da sinadaran da ke riƙe cikin. Tana haihuwa sai su faɗi gaba ɗaya, ƙwaƙwalwa kuwa ta saba da su. Ga ɗinki ya yi ruwa, garkuwar jiki ta tashi yaƙi. Saƙon da take aikawa cikin jini yana kaiwa ƙwaƙwalwa, ya ce kwanta, bar abinci, guji mutane. Ga rashin barci, shi kuma yana hana sinadarin fargaba sauka. Kowanne yana zuga ɗan'uwansa."

"Ba ƙin 'yarta take yi ba ke nan?"

"Ko kaɗan. Ana warkewa, amma da sannu. Yau dai a nan za ta kwana, sai mun ga hankalinta ya kwanta."

Nas ta zo tafiya da ita, muka miƙe tare, ƙullin ya fito fili. Na yi ta ja, na kasa kwancewa. Adda ce ta sunkuya ta kwance da haƙori.

"Kin ɗaure da ƙarfi," ta ce. Ta kai ƙofa ta juyo. "Ki ce wa Inna ta rufe mata kai. Da sanyi da safe."

Tun ranar suna ban ji ta ambaci yarinyar ba sai yau.

Komawa

Bayan azahar na hau wani keken ni kaɗai, ta unguwar Herwagana. Duk inda muka tsaya sai in kai hannu gefena, in damƙi kujera.

Na gode wa Allah da ya kai mu, na gode wa likitar, da dattijon da ban ko tambayi sunansa ba. Inna tana zaure inda na bar ta. Ta leƙa bayana, ta dubi bakin zanina da ya yamutse. Na faɗa mata saƙon Adda. Ta miƙe ta shiga ɗaki neman hula.