Man Riɗin Alhaji Jibo

Uzairu ɗan Salihu, mutumin wani ƙauyen Hausawa kusa da Abu Na'ama, ya koyi zane a Wad Madani wurin wani tsohon Bagirike, tun zamanin da jirgin ƙasa ke zuwa a kan lokacinsa. Can ya iya niƙa garin launi a kan dutse, ya kwaɓa da man kittan, man zane mai bushewa ƙam, ya yi shafi kan shafi, kowanne sai na ƙasa ya bushe. Da ya dawo gida ba mai bukatar wannan, ya tsufa yana zana zakuna a bayan manyan motoci da fentin gwangwani.

Sai Alhaji Jibo, mai gonakin riɗi har Damazin, ya ce a zana shi a tsaye, daidai tsawonsa. Uzairu ya ga damar barin abu guda da zai daɗe bayansa. Ya roƙi a aiko da man kittan daga Khartum.

"Ya usta, lafiyarka?" in ji Alhaji. "Raƙumana na matsar riɗi safe da yamma, in sayo man wani ƙato a shafa ma fuskata?"

"Ya Hajj, na riɗi ba ya bushewa."

"Na wasu dai."

Uzairu ya kwaɓa launi da man riɗin, ya zana. Hoton kuwa ya yi kyau, har ƙyallin goshi.

Ranar walimar buɗewa, Malam Mukhtar, kawun Alhaji, wanda ganinsa ya yi rauni, ya shigo ɗakin baƙi ya ga mutum tsaye. Ya buga masa kafaɗa yadda ake gaisawa a ƙasar nan. Ya ɗago hannu da rabin jallabiyar Alhajin da ke cikin hoton.

Uzairu ya fara neman takalmansa. Alhaji ya kama hannun kawun ya shinshina, ya ɗaga shi sama.

"Jama'a, ku sansana! Tun kaka aka zana, har yau ɗanye shar. Mai na gaskiya ke nan!"

Daga ranar, duk mai matsar riɗi ya zo da kwalbar mansa a zana shi, kada a ce nasa ya kasa. Uzairu ya yi suna har Rufa'a. Tururuwa ta cinye wasu fuskokin, sauran kuwa zafin bazara ya gangaro da su kan ƙirji. Ya rasu shekarar da aka ƙara wa dam ɗin Rusairis tsawo, bai bar hoto ko ɗaya da ya bushe ba.