Kaset Ɗin da Aka Ɗauka a Karkace

Shekara ashirin da biyu Mai Bidiyo ya yi yana kallon mutane da ido ɗaya, ɗayan a runtse, kyamara a kafaɗa. A zamaninsa ba a fara taro bai iso ba. Ya taɓa sa shugaban wata makaranta ya koma waje ya sake shigowa saboda shigowar farko ba ta ɗauku ba, shugaban kuwa ya koma. Da waya ta mai da kowa mai ɗaukar hoto, sai aka daina kiransa, ba faɗa ba komai. Ya kama wani ɗan shago a ƙarƙashin bene, kusa da mai gyaran agogo, yana juye wa mutane tsofaffin kaset a kwamfuta. Kyamara ɗaya ta rage masa mai lafiya, an kuma daina yin irinta. Da ita yake ci.

Wata Talata da hantsi Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta shigo da ƙaramin kaset a cikin gwangwanin biskit. Tana 'yar shekara uku mahaifiyarta ta rasu. Fuskar ta sani daga hotuna, muryar ce ba ta taɓa iya tunowa ba.

"Baba, a ƙasan akwatin Mama na gani. An rubuta gwaji. Rubutunka ne."

"Nawa ne. Ba wani abu ba ne a ciki."

"Kaset nawa ka ɗauka a rayuwarka, Baba?"

"Wa ya zauna ƙirga."

"Mama tana cikin nawa?"

Ya cire tabarau ya shiga gogewa. A cikin ɗaya ce, kuma ga shi nan a hannunta.

Ya saka kaset a kyamara, ya haɗa ta da kwamfuta, ya danna. Hoton ya fito a farfashe, kamar an yanka shi gida-gida an watsar, sautin kuma sai ƙas-ƙas. Mai Bidiyo bai damu ba, don wannan ciwon ya san maganinsa. Ya goge kan da ke karanta kaset da ƙyalle da sifirit. Ya canza wayar da ke haɗa kyamara da kwamfuta. Ya kashe kwamfuta ya kunna, abin da yake yi mata duk sanda ba ita ce da laifi ba. Ya juya zaren kaset ɗin har ƙarshe ya dawo da shi. Babu canji. Ya saka kaset ɗin wani mutum, sai ga yara suna tseren buhu tar da su. Ke nan kyamara lafiya lau.

A nan ya tuna, kuma bai ji daɗin tunawar ba. Tsohuwar kyamararsa ta taɓa suɓuce masa a filin wasa. Bai kai ta wurin mai gyara ba, tunda a lokacin yana ganin babu wanda ya fi shi sanin cikinta. Ya buɗe ta a kan teburin cin abinci, ya murɗa 'yan sandunan nan biyu da ke daidaita tafiyar zare, da ido kawai, sannan ya nemi abin gwadawa. Matarsa ce a kusa. A karkace kyamarar ta rubuta, a karkace ta karanta, shi kuwa ya ga hoto ya fito ya yaba wa kansa. Waccan kyamarar ta daɗe a bola.

Hanya ɗaya ta rage: a karkata mai lafiyar har ta yi daidai da kuskuren waccan. Na'urar da ake mayar da ita daidai kuma ba shi da ita, bai ma san mai ita ba.

Ya leƙa wurin mai gyaran agogo, ya faɗa masa abin da zai yi.

"Wato za ka ɓata mai lafiya don ta dace da aikin hannunka na da?"

"Sukudireba na zo ara, Malam, ba shawara ba."

"Ungo. Allah ya jiƙan kyamara."

Auta ta riƙe masa hannun riga. "Baba, bar shi. Na haƙura. Kada ka kashe sana'arka."

"Haska min nan da wayarki."

Kaset na tafiya yana murɗawa kaɗan-kaɗan, idonsa a kan kwamfuta. Hoton ya ƙara dagulewa, sai ya murɗa baya. Daga sama ya fara washewa: labule mai ratsin kore, agogon bango, sai teburin guga. Sai hannu riƙe da dutsen guga. Ya taɓa sanda ta biyu, fuska ta haɗu, ƙas-ƙas ɗin ya ɗauke.

"Don Allah cire min abin nan daga fuska," in ji matar da ke guga. "Ka gyara ne ko ka ƙara ɓatawa?"

"Na gyara," in ji wata murya daga bayan kyamara, mai cike da yarda da kai.

"Haka ka ce da fanka."

Minti huɗu ne duka. Ta yi guga, ta yi masa tsiya kan rigar da ya ƙona, ta kira Auta, tana 'yar ƙarama, ta fito daga ƙarƙashin tebur, ta yi dariya sau ɗaya ba da niyya ba. Mai Bidiyo ya juye sau uku, bai ɗaga hannu daga tebur ba sai da na ukun ya gama.

Auta tana share ido tana dariya. "Ashe haka take maka?"

"Wannan ranar ma tana cikin raha ne."

Kwana uku ya yi yana ƙoƙarin mayar da sandunan inda suke. Ba su koma ba. Ya mayar wa mutane kaset ɗinsu, ya ce su nemi wani. Yanzu da safe yakan buɗe shagon duk da haka, ya share, ya zauna. Kyamarar tana kan tebur a rufe da tawul, kaset ɗaya tak take iya karantawa. Mai gyaran agogo ya ce har ya haddace maganar fankar ta cikin bango.