Hannun Daman Baba

Baba mahauci ne a Sabon Zongo, don haka tun ina ƙarama na san kamannin ƙwaƙwalwa. Idan ya fasa kan rago za ka gan ta ɓari biyu, duk lanƙwasa-lanƙwasa, da tsaga a tsakiya. Ban taɓa kawo wa raina cewa irinta ce a kansa ba sai ranar da ya faɗi a bakin rumfa.

Likita ya zana mini a bayan takardar magani. Ya ce babbar ƙwaƙwalwar mutum ma ɓari biyu ce, kuma aikinsu a gicciye yake: ɓarin hagu ke juya hannu da ƙafar dama, yawanci a can magana take. Jijiyar jini ce ta toshe wa Baba a hagu. Shi ya sa yake jin mu sarai, amma bakin ya ƙi, hannun dama kuma ya saki.

Muka dawo da shi gida a unguwar Nima, rigima ta tashi a kan abinci. Mutumin da ya sha ƙwale mu da ludayi in mun miƙa hagu cikin kwano, shi za a ce ya ci da hagu? Liman ya zo ya ce lalura ce, babu laifi. Baba ya kau da kai. Na kawo cokali zan ba shi, ya datse haƙora yana harara ta, wai shi ba jariri ba ne. Kwana uku koko kawai yake kurɓa. Haushi ya ishe ni, tsoro kuma ya fi haushin yawa, don ina ganin wuyansa yana ramewa.

Rana ta huɗu Mma, mahaifiyarmu, ta karɓi kwanon tuwon daga hannuna.

“Alaji, kawo hannun nan,” ta ce. “Na dama kana so, ko? To da na dama za ka ci.”

Ta wanke masa shi, ta ɗora nata a bayansa, ta lanƙwasa yatsunsa suka gutsuro tuwo, ta tsoma a miyar kuka, ta ɗaga har bakinsa. Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya buɗe baki. Na fita tsakar gida na yi kukana.

Hannun bai warke ba. Shekara huɗu Baba ya ƙara a duniya, kullum Mma da sanyi take cin tuwonta, don sai ya ƙoshi take fara ci.